Hannu Ne Ko Kwamfuta

Malam Sale ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙi a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Ya tuƙa daraktoci, ya tuƙa bas ɗin ma'aikata, ya kai kayan aiki garuruwan da wasunsu ma ya manta sunayensu. Saura wata bakwai ya yi ritaya, wata safiyar Talata yana ɗaura igiyar takalmi a gidansu na ma'aikata da ke Garki, sai hannunsa na hagu ya ƙi kama igiyar. Kafin azahar yana kwance a asibiti, likita yana gaya wa matarsa Hadijatu cewa shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya taimaka an kawo shi da wuri.

Ƙafar ta dawo da sauri. Hannun ne ya yi nawa. Rosemary, ma'aikaciyar da ke yi masa gashi da motsa gaɓoɓi a asibitin, ta ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa a gida. Sati uku tana tambayarsa, sati uku yana cewa yana yi, har ranar da Hadijatu ta tona shi ta ce ƙwallon tana ƙarƙashin gado.

Rosemary ta yi dariya, ta ce, “To Baba, wane abu ne hannun nan yake son riƙewa?”

Bai yi dogon tunani ba ya ce, “Sitiyari.”

Daga nan maganar kwamfuta ta taso. Babbar 'yarsa Nabilah tana aiki a sashen kwamfuta na wata hukuma a Garki. Ita da wani abokin aikinta, Dominic, suka haɗa kwamfutar tebur da tsofaffin kayan da suka samo nan da can, suka haɗa mata sitiyari da birki da totur irin na wasa, suka saka mata wasan tuƙa tirela. Ranar da aka kawo, Malam Sale ya kalle ta ya ce shi ya wuce wasan yara. Bayan kwana biyu Hadijatu ta same shi zaune a gabanta, ya miƙe baya kamar yana bakin aiki, yana jan kaya a wani titi na ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Ba ya gudu. Yana kunna tirafiketa kafin kowace kwana, yana duba madubi, ba ya wuce mota a kan gada. Nabilah ta ce ba ta taɓa ganin wanda yake buga wasan da ladabi irin haka ba.

Rosemary ta sa shi ya riƙa rubutawa: kwanan wata, lokacin da ya fara, da minti nawa ya yi kafin hannun ya fara gazawa. Ya sami ƙaramin littafi ya ja masa layuka da biro. Ya fara da minti shida. Cikin wata biyar ya kai awa guda. Rosemary ta ce in aka ci gaba a haka, bayan Sallah za ta tura shi wajen likita a gwada ko zai iya komawa tuƙin gaske. Tsohuwar motarsa tana nan a lulluɓe da tampol. Duk Juma'a yakan tayar da ita ta yi ɗumi, ya kashe.

A watan Janairu wa'adin zamansu a gidan ma'aikata ya cika, suka koma Kurudu, ƙaramin gidan da ya daɗe yana ginawa a hankali. An kwashe kaya a akori-kura. Hadijatu da kanta ta naɗe akwatin kwamfutar da bargo, ta sa shi tsakanin katifu. Hanyar shiga unguwar tasu duk ramuka ce, motar tana tafe tana jijjiga, amma da aka jona kwamfutar ta kama ba wata matsala, kowa ya manta da zancen.

Abin ya fara ne a hankali. Zai fara tuƙi lafiya, sai can wajen minti hamsin ya ji kamar tirelar ba ta jin magana. Ya juya sitiyari, ta yi jinkiri kafin ta juya. Hoton ya riƙa ɗan tsayawa yana tafiya, kamar mai ƙifta ido. Ya taka birki, ya ga ya riga ya wuce inda ya so tsayawa. Ya rubuta hamsin a littafin, ya ce gajiyar tashi ce.

A Fabrairu ya rubuta talatin da biyar. A Maris, da zafi ya kankama, ya rubuta ashirin da biyu, ya rubuta ashirin, ya rubuta goma sha takwas.

Bai gaya wa kowa ba. Ya tuna likita ya taɓa cewa ciwon yana iya dawowa, kuma wani lokaci ba da ƙarfi yake dawowa ba, a ɓoye yake zuwa. Ya tuna an tambaye shi ko ganinsa yana rawa. Sai ya riƙa zama a tsakar gida bayan la'asar yana buɗe tafin hannunsa na hagu yana rufewa, yana kallonsa kamar baƙo. Hannun bai nuna masa komai ba. Yana ɗaukar buta, yana sa maɓalli. Amma ya san ɗaukar buta daban, riƙe mota a kwana daban. A ƙarshe ya daina kunna kwamfutar gaba ɗaya.

Hadijatu ce ta kira Nabilah. Ta ce, “Yau kwana tara mahaifinki bai taɓa tirelarsa ba. Na tambaye shi, ya ce ba komai.”

Ranar Asabar da safe Nabilah ta zo. Bayan sun gaisa ta ce, “Baba, an ce kun yi faɗa da tirela.”

Ya yi murmushi kaɗan. “Ba faɗa. Tana ɗan nauyi ne kawai.”

“Nauyi kamar yaya?”

“In na juya ba ta juyawa a kan lokaci.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce sai an jima take farawa ba, bai kuma kawo littafin ba. Yana so ta duba ba tare da ya sa mata komai a kai ba, ya ga abin da za ta gano da kanta.

Nabilah ta zauna ta kunna. Ta fara da abin da take farawa da shi a ofis. Ta duba ko akwai manhajojin da ke tashi da kansu suna cin ƙarfin kwamfutar a ɓoye, ta sami guda huɗu marasa amfani, ta kashe su. Ta leƙa baya ta tabbatar wayar allon tana jone a katin da ke sarrafa hoto, ba a sauya mata rami lokacin tashi ba. Ta duba ma'ajiyar kwamfutar, akwai sauran wuri da yawa. Ta bincika ko wata cuta ta shiga, ba ta sami komai ba.

Ta ce, “Bari in sabunta direban katin hoto. Ya tsufa.”

“Wane direba kuma?”

“Wata manhaja ce, Baba. Ita ke gaya wa katin yadda zai yi aiki. Haka ake kiranta.”

“Ashe mu biyu ne a ciki. To, ki yi masa ritaya shi ma.”

Ta yi dariya. Shi bai yi ba, amma hankalinta yana kan allo, ba ta lura ba. Da ta gama sai ta shiga cikin wasan ta rage inuwa da ƙyallin ruwa da wasu kwalliyar da ke wahalar da kwamfuta. Sannan ta ja kujera ta kama sitiyarin da kanta. Tirelar ta tashi sumul. Ta shiga kwana ta fita, ta hau gada, ta zagaya shataletale. Malam Sale yana tsaye a bayanta, hannuwansa a baya, yana kallon yadda motar take bin hannunta ba musu.

Bayan minti goma ta tsaya a gefen titi ta juyo. “Ga ta nan lafiya lau. Ni ban ga wani nauyi ba ma.”

Ya ce, “Na gani. Allah ya yi miki albarka.”

Ta ci abinci, ta yi hira da mahaifiyarta, ta tafi tana jin ta yi aikin kirki.

Washegari bayan azahar ya kunna don ya tabbatar. An gyara ta, a gabansa aka gyara, ya ga ta yi tafiya a hannun mai lafiya. A minti na goma sha bakwai ya shigo wata kwana mai sauƙi, ya juya, tirelar ta ci gaba da tafiya miƙe har ta daki ƙarfen gefen titi. Ya zauna yana kallon allon. Sannan ya kashe, ya ɗauki waya ya kira ƙanensa Manniru a Suleja, ya ce ya zo ranar Lahadi mai zuwa ya ɗauki motar, ya fi shi buƙatarta.

Hadijatu tana bakin ƙofa, ta ji komai. Da ya ajiye wayar ta ce, “Malam, motar da kake tayarwa duk Juma'a?”

“Ita.”

“Ba bayan Sallah za a gwada ka ba?”

Ya ce, “Shekara talatin da ɗaya ban taɓa taka ko akuya ba. Ba zan zo ƙarshe in kashe ɗan wani a titi don ina jin kunyar faɗin gaskiya ba. Hannun nan baya yake yi, Hadijatu. Tun da muka dawo nan nake gani.”

“Ka gaya wa Rosemary?”

“Me za ta yi? Ta mayar da ni kan ƙwallo.”

“Nabilah fa?”

“Kada ki ɗaga mata hankali. Ta yi nata, ta gyara abin da yake gyaruwa.”

Hadijatu ba ta yi masa gardama ba. Ta san shi, in ya yanke magana da irin wannan muryar, musu ƙara tura shi yake yi. Amma ita ce take zuba masa ruwan alwala, ita take ganin yadda yake yanka albasa in ya ga dama ya taya ta aiki, kuma ba ta ga hannun ya sauya ba. Ranar Laraba ta ce za ta je dubiya Garki. Ta ɗauki littafinsa daga ƙarƙashin allon kwamfutar ta sa a jaka.

Ta sami Nabilah lokacin hutun rana, a ɗan ɗakin da suke ajiye kwamfutocin da suka lalace. Dominic yana gefe yana cin gyaɗa, ya miƙe ya gaishe ta ya ba ta kujerarsa. Ta ba su labari a taƙaice, ta ajiye littafin a kan tebur.

Nabilah ta buɗe. Rubutun mahaifinta ne, a tsare, kowace lamba a gidanta. Ta bi layukan da yatsa tun daga minti shida har awa guda, sannan ta ga yadda suka fara sauka.

Ta ce, “Bai gaya mini sai an jima take farawa ba.”

Dominic ya matso yana leƙawa. Mutumin Yangoji ne, Hausarsa ta kasuwa ce da ofis, ba ya damuwa da namiji ko mace a magana. Ya ce, “Madam, da kin je, minti nawa kin gwada shi?”

“Goma.”

“Da safe?”

“Da safe.”

Ya ci gaba da bin lambobin. Sai ya ɗora yatsa a kan wani layi na ƙarshen Maris. Sama da shi goma sha tara, ƙasa da shi ashirin da ɗaya, shi kuma arba'in da uku.

“Wannan rana, na san shi. Ruwan farko ne. Babana ya kira ni daga gida, ya ce ƙasa ya jiƙa, za su fara aikin doya. Garin ya yi sanyi sosai har yamma. Mama, an yi ruwa a Kurudu ranar?”

Hadijatu ta yi tunani. “An yi. Har na tara a baho.”

Suka koma baya. Duk ranar da ya fara da sassafe, lambar ta fi girma. Duk ranar da ya fara bayan azahar, ta fi ƙanƙanta. Janairu da ake sanyi, hamsin. Maris, rabin haka ma bai kai ba.

Dominic ya ce, “Wannan kwamfuta yana jin zafi ne. In ya yi zafi sosai, zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone.”

Nabilah ta girgiza kai a hankali. “Mutum ma zafi yana gajiyar da shi, Dominic. Mai irin ciwonsa ma ya fi. Littafin nan zai iya zama kwamfutar, zai iya zama shi.”

“Gaskiya ne. Sai kin gwada.”

“Kuma ba zan ce masa kwamfuta ce ba sai na gani da idona. Na riga na gaya masa magana ɗaya ba tare da na tabbatar ba.”

Dominic ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan bututu na man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta don zafi ya riƙa fita, da wata fankar sanyaya ta tsohuwar kwamfuta da ke aiki. Ya ce ta tafi da su ko da za a buƙata. Hadijatu ta mayar da littafin jaka, ta ce dole ta mayar da shi inda yake kafin Malam Sale ya lura.

Ranar Asabar Nabilah ba ta zo da safe ba. Sai ƙarfe biyu ta iso, rana tana tsakiyar dukanta, kwanon ɗakin yana ƙara saboda zafi. Malam Sale ya ga jakar kayan aiki a hannunta, ya kalli matarsa. Hadijatu ta ce, “Ni na kai mata littafin. In za ka yi faɗa, ka yi da ni.”

Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Kun wahalar da kanku.”

Nabilah ta ce, “Baba, abu ɗaya nake roƙo. Ni zan tuƙa, kai ka zauna kusa da ni ka riƙe agogo. Ba zan tashi ba sai na yi minti arba'in.”

Ta saka wata ƙaramar manhaja da ke nuna lambobi biyu a kusurwar allo. Ta nuna masa ta farko. “Wannan tana faɗin hoto nawa kwamfutar take zanawa cikin daƙiƙa ɗaya. In tana sittin, komai zai tafi daidai. In ta faɗi ƙasa sosai, za ka juya sitiyari amma sai an jima ka ga motar ta juya.” Ta nuna ta biyu. “Wannan kuma zafin cikinta ne.”

“Kamar allurar zafin inji.”

“Kamar ita.”

Ya cire agogonsa ya riƙe a hannu. Ta tayar da tirela. Lambar farko tana sittin, ta biyu tana saba'in da ɗaya. Minti biyar, zafin ya kai tamanin da biyu. Minti goma, inda ta tsaya wancan satin, ya kai tamanin da tara, motar kuma tana tafiya lafiya. Hadijatu ta jingina da ƙofa. Ana jin fankar cikin akwatin tana ƙara ƙarfi, kamar tana haki.

A minti na goma sha shida zafin ya taɓa casa'in da tara. Lambar farko ta sauka arba'in da biyar, ta koma hamsin, ta faɗo talatin. Bishiyoyin gefen titi suka fara tsalle maimakon wucewa. Nabilah ta ƙara riƙe sitiyarin. Wata mota ta rage gudu a gabanta, ta taka birki, lambar tana ashirin da biyu, tirelar ta ci gaba da tafiya har ta hau bayan motar.

Ta saki sitiyarin ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna masa. “Lafiyarsu ƙalau, Baba. Minti nawa?”

Ya duba agogon. Muryarsa ta yi ƙasa. “Goma sha takwas.”

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, “Ci gaba. Ki ja baya ki sake tafiya, ina so in gani.”

Ta ci gaba. Cikin minti uku ta goge ƙarfen gefen titi sau biyu, ta kasa shiga wata kwana da yaro ma zai shiga. Malam Sale ya sa hannu ya shafa fuskarsa tun daga goshi har gemu. Ya ce, “Ya isa. Kashe ta kada ta ƙone.”

Suka bar ta ta huce, suka sha ruwa. Nabilah ta zare wayoyin, ta kwantar da akwatin a kan tabarma, ta kwance murfin gefe. Ba sai an yi dogon bincike ba. Ƙarfen da ke zaune a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar yana janye zafi, wanda fanka ke bisansa, ƙafafu huɗu na roba ne suke riƙe shi. Ɗaya ta karye, ɗaya ta fita daga raminta. Ya karkace, gefe guda kawai yake taɓawa. Da ta taɓa shi da yatsa sai ya yi rawa.

Ta ce, “Ranar tashi ne. Ramukan hanyar nan.”

Hadijatu ta ce, “Ni da na naɗe ta da bargo.”

“Ba laifinki, Umma. Daga ciki ya girgiza.”

Malam Sale ya durƙusa yana leƙawa. “Wato lagireto ne ya saki. Tana tafiya tana ɗaukar zafi, ita kuma tana rage wuta don ta tsira da ranta.” Ya ɗago ya dube su. “Da mota ce, tun ranar farko zan gane. Ina ganin allura ta hau zan tsaya. Wannan ba ta da allura, sai na ɗauka ni ne.”

Nabilah ta cire ƙarfen. Tsohon man da ke ƙarƙashinsa ya bushe ya zama kamar busasshen laka. Ta ɗauko auduga ta jiƙa da sinadarin gogewa, sai ya miƙo hannu. “Kawo.” Da hannun hagun ya karɓa. Ya goge ɗan murabba'in ƙarfen a hankali, lungu-lungu, har ya yi ƙyalli. Ta ɗiga sabon man kamar ƙwayar wake a tsakiya, ta ɗora fankar da Dominic ya bayar, ta danna ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi ƙara ta kama. Ta girgiza shi, bai motsa ba. Ta rufe, ta jona, ta kuma janye teburin daga jikin bango don iska ta sami hanya.

Bayan sallar la'asar ya zauna a kujerar. Ya gyara ta, ya gyara zamansa, ya yi bisimilla. Wannan karon agogon yana hannun Nabilah.

Minti goma, zafin yana sittin da huɗu. Minti goma sha takwas ta zo ta wuce, lambar farko ba ta motsa daga sittin ba. Nabilah ta ga kafaɗunsa sun sauka kaɗan. Ya wuce minti talatin yana bin wani dogon titi a gefen ruwa, ya fara ɗan waƙe-waƙensa a ƙasan maƙoshi, abin da Hadijatu ta ce rabonta da ji tun suna Garki.

A minti na arba'in da bakwai ya zo wani shataletale mai matsi. Ya rage gudu, ya kunna tirafiketa, ya fara juyawa. Hannun dama ya yi nasa, na hagu ya makara wajen karɓar sitiyarin. Tayar baya ta hau dakalin tsakiya, tirelar ta yi tangal-tangal ta sauka.

Nan take ya kalli kusurwar allon. Sittin. Zafi sittin da shida.

Ya fitar da motar daga shataletalen, ya sami wuri ya faka ta daidai, ya ja birkin hannu. Ya ce, “Wannan kuskuren nawa ne.”

Nabilah ta buɗe baki za ta ce wata uku bai yi tuƙin kirki ba, dole hannun ya yi sanyi. Ya ɗaga mata hannu.

“Na sani. Ba ƙorafi nake yi ba. Wannan na san shi, tun a asibiti muke tare. Yana zuwa in na gaji, in na huta ya tafi. Wancan ne ban gane ba, shi ya hana ni barci.”

Ta sunkuyar da kai. “Ka yafe mini, Baba. Na zo na yi minti goma na ce maka lafiya lau. Ban tambaye ka yaushe take farawa ba. A ofis ko takarda ce ta maƙale wa mutum sai na yi masa tambaya biyar.”

“Ko kin tambaya ba lallai in faɗa ba. Tsoro nake ji ki duba ki ce ba ita ba ce. Sai kuma kika duba kika faɗi hakan.” Ya yi ɗan murmushi. “Mu biyu muka taru muka yi wa hannun nan sharri.”

Hadijatu ta ce, “Sai ka kira Manniru tun bai sa mai a babur ba.”

Ya kira shi, ya ce ya dakata tukuna, akwai gwajin da za a yi. In gwajin ya ce a'a, motar tasa ce.

Ranar Litinin suka je wajen Rosemary da littafin. Ta saurari labarin duka, ba ta yi dariya ba. Ta ce ko da kwamfutar ce, ranar da ya fara zargin hannunsa ya kamata ya zo, domin da ciwon ne da gaske, wata ukun nan da ya yi shiru ba za a iya dawo da su ba. Ya karɓi faɗan bai kare kansa ba. Ta gwada ƙarfin hannun, ta ce bai ja baya ba, amma kuma bai ƙaru ba tun Janairu, akwai aiki a gaba.

An yi gwajin tuƙin a watan Yuni. Bai samu duk abin da ya so ba. Likita ya ce zai iya tuƙi da rana, a cikin unguwa da kewaye, kada ya wuce rabin awa bai huta ba. Babban titi kuwa, da doguwar tafiya, a bar su tukuna, wataƙila har abada. Malam Sale ya yi kwana biyu ba ya son magana. Mutumin da ya sha kai kaya Maiduguri ya kwana ya juyo, yanzu an ce iyakarsa Karu, nan kusa da su. A rana ta uku ya ce wa Hadijatu ta shirya ya kai ta kasuwa.

Ya tuƙa a hankali, 'yan acaɓa suna ta yi masa hon suna wuce shi ta dama da hagu, bai kula su ba. Ta yi cefanenta yana zaune a mota yana jira. A hanyar dawowa, kafin su kai kwanar unguwarsu, ya kunna tirafiketa ya sauka gefen titi kusa da wata mai gasa masara.

Hadijatu ta ce, “Lafiya?”

“Lafiya. Hannun ne yake so ya huta. Minti biyar.”

Ta kalle shi, ta ga ba wata damuwa a fuskarsa. Ta sauke gilashi ta kira mai masarar, ta ce ta zaɓo musu guda biyu masu taushi.